Mahaɗar bim a ginin bene: wa ke ɗauke da wa?

Duk lokacin da aka ji labarin wani bene ya rufta a Accra, hirar da ake yi a ƙofar masallaci da wajen mai shayi kusan iri ɗaya ce. Wannan ya ce simintin ne ba shi da kyau, wancan ya ce an yi rowar rodi, wani kuma ya ce ƙaddara ce, ya yi salati ya yi shiru. Har yau akwai masu tuna ranar 7 ga Nuwamba 2012, da ginin kantin Melcom na Achimota ya zube da safe, mutum 14 suka rasu. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: a wane wuri takamaimai gini yake fara gazawa? Shin a tsakiyar bango ne, ko a dekin, ko a ina?

Sau da yawa amsar tana wani ɗan wuri da faɗinsa bai fi na faranti ba, wato inda bim ya gitta wani bim, ko inda bim ya shiga ginshiƙi. Wuri ne da ake rufewa da kankare cikin minti kaɗan, a bi da filasta da fenti, ba mai sake ganinsa. Maganar ta shafe mu ƙwarai, domin a Nima da Maamobi da Fadama da Sabon Zango fili ya ƙare. Gidan gado ba ya ƙara faɗi, iyali kuwa ƙaruwa suke, saboda haka kowa sama yake nufa.

Mene ne bim, kuma me yake yi?

Bim shi ne abin da kakanninmu suke yi da azara: doguwar gaɓa da ake kwantarwa tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi don ta ɗauki rufi. Yau da kankare da rodi ake yinsa, wani lokaci da ƙarfe zalla. Nauyi a gini tafiya yake yi kamar ruwa a magudana. Dekin ya miƙa wa bim, bim ya miƙa wa ginshiƙi, ginshiƙi ya sauke a harsashi, harsashi ya bai wa ƙasa. Ko'ina aka katse wannan hanya, nauyin zai nemi wata, kuma ba lallai ba ne wadda zai samu ta iya da shi.

Nauyin ba ƙarami ba ne. Kankare mai tsawo da faɗi da zurfin mita ɗaya yana kai kilo 2,400. Dekin mai kaurin santimita 15 a kan ɗaki mai mita huɗu kowane ɓangare ya haura kilo 5,700, wato ya fi buhun siminti 110, tun kafin a sa gado ko mutum ɗaya ya taka. A ƙara da tankin ruwa, wanda a Accra ba gidan da zai zauna babu shi: kowace lita 1,000 tan ɗaya ce.

Idan ka ɗora katako a kan bulo biyu ka tsaya a tsakiya, samansa yana matsewa, ƙasansa yana miƙewa. Kankare gwani ne wajen jure matsi, amma wajen jure ja ƙarfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Dalilin sa rodi ke nan, ya riƙe ɓangaren da ake ja. A tsakiyar bim ƙasa ne ake ja, don haka rodin ƙasa ne ke aiki. Amma a inda bim ya haye ginshiƙi ya ci gaba zuwa ɗaki na gaba, abin juyewa yake: sama ne ake ja. Mai ɗaurin rodin da ya yanke rodin sama ko ya haɗa gaɓarsa daidai kan ginshiƙi ya raunana bim a inda aka fi bukatarsa, ko da ya cika ƙasa da rodi.

Sannan zurfi. Ɗauki katako mai inci biyu da shida, ka kwantar da shi, sai ka ga yana lanƙwasa. Tsayar da shi a gefensa, taurinsa ya ninka sau tara, alhali katakon bai sauya ba. Ƙa'idar ita ce idan aka ninka zurfin bim sau biyu, taurinsa ya ninka sau takwas. In aka rage shi da rabi kuwa, kashi ɗaya cikin takwas ne ya rage. Na kawo wannan ne saboda wata buƙata da ta zama ruwan dare: mai gida ba ya son ganin bim ya sauko a falo, sai ya ce a ɓoye shi a cikin dekin. Ana iya yin hakan, amma da lissafi sabo, ba da rage katakon kafinta kawai ba.

Haske yana gittawa ya wuce, kankare ba ya wucewa

Ɗaliban kimiyya suna haɗuwa da kalmar bim a wuri biyu, a darasin gini da kuma darasin haske, inda take nufin sandar haske irin wadda ke ratsowa ta hujin kwano da hantsi, ƙura tana yawo a cikinta. Kwatanta su yana taimakawa, domin a wajen gittawa halinsu ya saɓa gaba ɗaya.

Haska tocila biyu su gitta juna cikin duhu. Kowace za ta kai bangon da aka nufa, ba ta karkace ba, ba ta rage ba. Malami Ibn Haisam, haifaffen Basra wanda ya yi aikinsa a Alƙahira wajen shekara dubu da suka wuce, ya gwada wannan da fitilu. Ya jera su a gaban wani ƙaramin huji da ke kaiwa wuri mai duhu, sai hasken kowace ya bayyana dabam a bangon ciki. Da ya rufe fitila ɗaya, nata hasken kaɗai ya ɓace. Duk sun bi ta huji ɗaya, amma ba su cakuɗa ba.

Sai dai abin da aka ajiye a mahaɗar yana shan haɗuwar duka. Haka gilashin ƙara girma yake tara hasken rana a ɗigo ɗaya har takarda ta kama. Likitocin da ke gasa ciwon daji, irin sashen da ake da shi a Korle Bu da asibitin Komfo Anokye na Kumasi, da wannan hikimar suke aiki: ana aika tiririn da ke ƙone ƙarin daga kusurwoyi daban-daban, kowane ya ratsa lafiyayyen nama da ɗan ƙarfi, su haɗu a kan ƙarin da ƙarfi mai yawa. A Suwidin, likita Lars Leksell ya fito da na'urar da ke tara irin waɗannan sanduna a cikin ƙwaƙwalwa a 1968, kuma samfuranta na baya suna amfani da wajen guda 200. Har a wurin gini ana cin moriyar wannan hali na haske: na'urar leza da masu tayil da masu silin suka fara riƙewa a madadin tiyon ruwa tana zana layi biyu, na kwance da na tsaye, su gitta juna ba tare da ɗaya ya lanƙwasa ɗaya ba.

Bim na kankare ba haka yake ba. A zanen gini layi biyu ne suka gitta, kamar na leza, shi ya sa ido ke ɗauka daidai suke. A zahiri ɗaya ne ke goye da ɗaya.

Wa ke goyon wa?

A yawancin gidajenmu akwai babban bim, wanda ya tashi daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, da ƙaramin bim, wanda ba shi da ginshiƙi a ƙarshensa, a jikin babban yake sauka. Duk abin da ƙaramin ya kwaso daga dekin da bangon da ke kansa, a wuri ɗaya yake zuba wa babban. Saboda haka rodin ƙasa na ƙaramin dole ya hau kan rodin ƙasa na babban, ba ya bi ta ƙarƙashinsa ba. In ya bi ta ƙasa, ba a kan komai yake zaune ba sai ɗan kankaren da ya lulluɓe shi. Haka kuma ana ƙara zobba, wato ƙananan rodi da ake lanƙwasawa su kewaye manyan rodin bim, a jikin babban, hagu da dama da mahaɗar, don su ɗaga nauyin zuwa saman bim inda kankare ke da ƙarfi. Wannan aiki ne na 'yan zobba kaɗan da wayar ɗauri, kuɗinsa bai kai na buhun siminti biyu ba, amma shi aka fi tsallakewa, saboda wurin a matse yake, hannu ba ya shiga da daɗi.

Idan kuma bim biyu ne masu girma ɗaya suka gitta a tsakiya, kowanne da ginshiƙansa, mutum zai zaci raba nauyi za su yi biyu. Hakan na faruwa ne kawai idan tsawonsu ɗaya. A ce ɗaya mita uku ne, ɗayan mita shida. Tun da a haɗe suke, dole su sauka tare, gajeren kuwa ya fi tauri sau takwas. Cikin kashi tara na nauyin da aka ɗora a mahaɗar, gajeren zai ɗauki takwas, dogon ya ɗauki ɗaya. Nauyi mai tauri yake bi. Wanda bai san wannan ba zai zuba rodi a dogon don ya ga shi ne abin tausayi, ya bar gajeren da ke ɗauke da kayan.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Azarar giginya ba ta cika wuce mita biyu ba tare da ta saki ba, amma maginan Kano da Zariya sun rufe manyan soraye da ƙasa da azara. Sun yi ta jera azara hawa-hawa daga bango, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har su yi bakan gizo, sannan su gitta bakan da wani bakan a tsakiyar rufi, abin da ake kira ɗaurin guga. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shi ne shahararren misali. Abin lura shi ne a mahaɗar suke ƙawata rufin, har su kafa faranti a wurin. Sun san nan ne zuciyar aikin, ba su ɓoye shi ba. Mu jikokinsu da muka sauka a Gwanja da Kumasi da Accra mun karɓi siminti, amma ban tabbata mun riƙe wannan girmamawa ga mahaɗa ba.

Cunkoson rodi da saƙar zuma

Mahaɗar bim da ginshiƙi ta fi kowace wahala. Rodin ginshiƙi yana tasowa daga ƙasa, bim huɗu suna iya shigowa daga kusurwa huɗu, kowanne da rodinsa na sama da na ƙasa, duk a cikin akwatin da bai wuce inci tara ba. A nan ne maganar "a ƙara rodi" take iya zama illa. Tsakuwar da aka saba zubawa tana kai milimita 20. Idan tazarar da ke tsakanin rodi da rodi ba ta kai haka ba, tsakuwa sai ta maƙale a sama, ruwan siminti kaɗai ya zurara, ciki ya zama rami-rami kamar saƙar zuma. Ranar da aka cire katako aka ga ramukan, sai a kwaɓa siminti a shafe kafin mai gida ya iso. Waje ya yi sumul, ciki fanko.

Rodi ba ya aiki sai kankare ya rungume shi. Don haka ake so ya shige cikin mahaɗa da tsawo, a lanƙwasa ƙarshensa. Inda aka haɗa rodi da rodi, abin da aka saba shi ne su haye juna da kimanin ninki 40 zuwa 50 na kaurinsu: ga rodi mai milimita 16, santimita 64 zuwa 80 ke nan, ba ƙafa ɗaya ba. Zobban ginshiƙi kuma dole su ci gaba har cikin mahaɗar, kada su tsaya a ƙarƙashin bim su sake farawa a samansa.

Akwai kuma kukan da ake yi kan rodin da bai cika awo ba. Lissafinsa mai sauƙi ne: rodin da aka sayar a matsayin milimita 16 amma 14 ne, ya rasa kusan kashi 23 cikin ɗari na ƙarfen da ke cikinsa. Ido ba zai gane milimita biyu ba, ma'auni ne zai gane.

Wani zai ce ai gidaje da yawa an yi su haka kuma suna tsaye. Gaskiya ne, suna tsaye, saboda nauyin da ke kansu daga sama yake zuwa kawai. Amma Accra tana kan ƙasa mai motsi. Girgizar 22 ga Yuni 1939 ta kashe mutum 17, a lokacin da birnin bai kai ko kusa da girmansa na yau ba, benaye kuma ƙalilan ne. Mutanen Weija da Gbawe da McCarthy Hill sun ji ƙasa ta motsa a Disamban 2018. Girgiza gefe da gefe take kaɗa gini, mahaɗar bim da ginshiƙi ce kuma ke shan murɗar. Injiniyoyi suna da ƙa'ida a kan haka: ginshiƙi ya fi bim ƙarfi, domin in bim ya tsage ɗaki ɗaya ne ya lalace, in ginshiƙi ya karye duk abin da ke sama ya sauko.

Ƙaramin sauyi a mahaɗa

A ranar 17 ga Yuli 1981, a wani otal a birnin Kansas na Amurka, wasu gadoji biyu na tafiya da ke rataye ɗaya a saman ɗaya a cikin zauren otal ɗin suka faɗo kan jama'a, mutum 114 suka mutu. A zanen farko, dogon ƙarfe ɗaya ne zai sauko daga rufi ya riƙe gadojin biyu. Wajen aiki aka ga hakan da wuya, aka raba shi biyu: na farko ya riƙe gadar sama, na biyu ya rataya a jikin bim ɗin gadar sama ya riƙe ta ƙasa. Kamar guga biyu ne da kowanne ke ɗaure a igiya, sai aka kwance na ƙasa aka rataye shi a hannun na sama. Igiyar ba ta ji bambanci ba, hannun gugan ne nauyinsa ya ninka. Ƙarfen bai ragu ba, kuɗi ma ba a ce an ci ba. Hanyar nauyi aka sauya ba tare da an sake lissafi ba.

Irin wannan sauyin muna yinsa kullum. Shekarun baya kawuna ya so ya haɗe shaguna biyu na ƙasan gidansa su zama ɗaya, ginshiƙi na tsakiya ya tsaya masa a hanya. Maginin da ya kira ya duba sama ya ce, "Alhaji, ai bim ne ya gitta bim a nan, sun riƙe juna, in an cire filar ba abin da zai faru." Allah ya sa wata 'yar ƙanwarsa da ke karatun injiniya a jami'ar Kumasi tana gida hutu. Ta ce, "Kawu, don Allah a dakata. Bim ɗin nan biyu ba juna suka riƙe ba, filar ce ta riƙe su duka. In aka cire ta, tsawon kowanne ya ninka, wurin da ake jan sama ya koma ana jan ƙasa, kuma ba a sa rodi a nan don haka ba." Bai ji daɗi ba a ranar, amma ginshiƙin yana nan, an kewaye shi da kanta. Ban ga laifin maginin a zuciyarsa ba, abin da ido ya nuna masa ya faɗa.

Haka mai famfo ko mai wayar lantarki da ke sare bim don bututu ya wuce, galibi kusa da ginshiƙi don kada a gani. Nan ne kuwa ƙarfin da ke neman yanke bim ya fi yawa.

Magini, injiniya da mai gida

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Magini zai ce shekara talatin yana gini, ba wanda ya faɗi, yaron da ya fito makaranta jiya ba zai koya masa ba. Akwai gaskiya a ciki: wani zanen ana cusa rodin da ba zai shiga akwatin ba, magini ne ke ganin haka da hannunsa. Injiniya zai ce gogewar gida mai hawa ɗaya ba ta isa hawa huɗu ba, kuma lissafi ne kaɗai ke nuna abin da bai faru ba tukuna. Mai gida kuma kuɗinsa a hankali suke zuwa, wani daga ɗa da ke Jamus ko Amurka, bana a zuba dekin, baɗi a ɗora bulo, rodin da aka bari tsaye a sama yana shan ruwan sama da iskar teku mai gishiri yana tsatsa. Neman izini a majalisar ƙaramar hukuma, kamar ta Ayawaso ta Gabas ga mutanen Nima, yana ganinsa ɓata lokaci ne da kuɗi, musamman a filin gado da takardunsa ba su cika ba.

Doka dai tana nan. An fitar da ƙa'idojin gini na ƙasa a 1996, akwai kundin gini na Ghana da aka ƙaddamar a 2018, akwai kuma dokar 2011 da ta kafa majalisar kula da aikin injiniya. A ganina matsalar zango ba rashin doka ba ce, kuma ba mugunta ba ce. Muna biyan mai zane don a samu takarda, amma ba ma biyan wanda zai zo ya duba ɗaurin rodi kafin a zuba kankare, alhali wannan zuwan guda ɗaya ya fi zanen amfani. Wanda zai kwana a ƙarƙashin dekin ɗin kuwa sau da yawa ɗan haya ne, ko yaran makarantar allo a ɗakin ƙasa, waɗanda ba a yi shawara da su ba.

Abin dubawa kafin zubi da bayansa

Ranar da ta fi muhimmanci ita ce jajiberin zubi. Mai gida ya hau da kansa tare da injiniyan da ya yi lissafin, su bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya: rodin ƙaramin bim yana kan na babba? Zobba sun shiga cikin mahaɗa? Tsakuwa za ta iya ratsawa? An sa 'yan ƙananan bulo a ƙarƙashin rodi don kankare ya lulluɓe shi da akalla milimita 25? A ɗauki hoto da waya a ajiye, domin ranar da za a so ƙara hawa, hoton ne kaɗai zai faɗi abin da ke ciki. A hayo injin girgiza kankare, kada a dogara da tsokana da guntun rodi. A hana ƙara ruwa don kwaɓi ya yi laushi. Bayan zubi a yi ta ba shi ruwa akalla kwana 7, kada kuma a yi gaggawar cire gorar tokara a ƙarƙashin bim, domin ƙarfin da ake lissafi da shi na kwana 28 ne.

Ga wanda ya riga ya shiga gida, ba kowace tsaga ce abin tsoro ba, filasta ma yana tsagewa. Amma tsagar da ta tashi a karkace a jikin bim kusa da ginshiƙi ko kusa da inda wani bim ya sauka, wannan ba ta jira, irinta ba ta cika ba da dogon gargaɗi ba. Haka jan tsatsa da ke fitowa daga kankare, ko ɓawon kankare da ke ɓallewa rodi ya bayyana, ko ƙofar ƙasa da ta fara cijewa bayan an ɗora tanki ko sabon hawa. A irin wannan hali a fara sauke nauyin da za a iya saukewa, a zubar da ruwan tanki, a fitar da mutane daga ɗakin da ke ƙasa, sannan a kira injiniya. Suna da gudumar gwaji da ke auna taurin kankare, da na'urar da ke gano inda rodi yake ba tare da an fasa ba, in ta kama kuma su yanki ɗan gunduwa a kai ɗakin gwaji a matse shi a ga ainihin ƙarfinsa.